Aljanin da Ke da Suna

A Bande, kamar sauran garuruwan Magariya da Dungas, idan matar aure ta riƙa firgita duk sa'ad da mijinta ya kusance ta, ko ta faye yaji ba duka ba zagi, bayani a shirye yake: namijin dare ya aure ta, ko kuwa sammu aka yi mata. Sai a karɓo rubutu, a yi hayaƙi. Ba safai ake tambayar abin da ya same ta tana ƴar shekara tara ba, ranar da ta ɗauki talla, wani babba ya ce ta shigo zaure ta karɓi kuɗinta.

Wannan aljani mutum ne, galibi kuma sananne: maƙwabci, ɗan uwa, wani lokaci har mai koyarwa. Tun 1985 masana biyu na Amurka, Finkelhor da Browne, suka sa cin amana cikin manyan raunuka huɗu da fyaɗen ƙuruciya ke bari. Wadda wanda take kira kawu ya cuta, idan ta girma, kyautatawa ma tsoro take ba ta, domin da alawa da fara'a aka fara wancan karon. Baki ya yi shiru, jiki bai manta ba. Yaro namiji da aka yi wa haka, nasa shirun ya fi nauyi, sau da yawa kuma matarsa ce ke shan fushin da ba ta san mafarinsa ba.

Miji kuwa raini yake gani, ko ƙiyayya. Wani ya ƙaro aure, wani ya tsawaita cin rani a Kano, mai haƙurin cikinsu ya zauna yana tuhumar kansa. Ita ma ina za ta faɗa masa, alhali tana gudun ranar da sirrin zai koma gori?

A 2024 UNICEF ta ƙiyasta mata fiye da miliyan 79 a Afirka kudu da Sahara da aka yi wa fyaɗe ko lalata kafin su cika shekara 18. A karkara an fi kashe irin wannan magana gaban manya, wai don a rufa asiri. Asirin wa? Bayan shekara goma sha biyar, sa'ad da auren ya kai fadar sarki, abin da shaidu ke iya faɗa kawai shi ne ba ta son shi.