Allon da ya karkace

Shekarun da na yi ina koyar da fizik a Tawa, darasin da ɗalibai suka fi so shi ne na maganaɗisu. Nakan ciro shi daga lasifikar tsohuwar rediyo, in kusantar da shi ga allon talabijin irin ta da, mai ƙaton ƙeya. Nan take hoton zai karkace, launuka su cakuɗe, aji ya ɗauki sowa. Sai in bayyana musu cewa ƙwayoyin lantarki ne ke gudu zuwa allon, maganaɗisu kuwa yana lanƙwasa hanyar duk abin da ke gudu ɗauke da caji. A lokacin babi ne kawai na jarrabawa a wurina.

Ciwon Yaya ne ya sauya mini shi. Tana Barmu, ta daɗe tana ɓoye kumburin nono, an yi jiƙe-jiƙe, an yi rubutu, kafin a kawo ta Tawa. Likita ya ce daji ne, bayan aiki sai an yi gashi, kuma babu na'urar gashin a Nijar gaba ɗaya. Mai hali ya nufi Maroko ko Tunisiya. Irinmu sai dai a bi ta Ƙonni a ƙetara Illela zuwa Sakkwato, ko a zarce Zariya. Muka sayar da raguna, ƙannenmu da ke biɗa a Abijan suka aiko da abin da ya sawwaƙa. Ta tambaye ni: "Ƙanena, kai da ka yi boko, wace irin wuta ce za ta ci ciwo ta bar mutum?" Na ce mata haske ne da ido ba ya gani, yana yanke igiyar gado da ke cikin ƙwayar ciwon har ta kasa hayayyafa. Ta ce Allah ya sa. Kafin kuɗin ya cika, ciwon ya kai ƙashi. Allah ya jiƙanta.

Tambayarta ce ta sa ni karatu bayan na ajiye alli. Ashe tun 1946 Robert Wilson ya ba da shawarar a yi gashi da ƙwayoyin furoton, domin su suna sauke mafi yawan ƙarfinsu daidai inda suka tsaya, naman da ke bayan ciwon ya tsira. A 1994 kuma an soma gashi da ƙwayoyin kabon a Chiba ta Japan. Sannan a Utrecht ta Holan, a 2017, aka yi wa majinyaci gashi a cikin na'urar hoto ta MRI, likita yana ganin ciwon a daidai lokacin. Maganaɗisun wannan na'ura tesla 1.5 ne, ya ninka na ƙasa fiye da sau dubu talatin.

A nan darasina na aji ya shiga jikin ɗan Adam. Gashi yana fizgo ƙwayoyin lantarki daga nama, su ne ke yin ɓarnar, maganaɗisu kuma yana murɗa hanyarsu. Inda nama ya haɗu da iska, kamar fata ko huhu, sai su yi kwana su dawo, wurin ya sha fiye da rabonsa. Wannan ana iya lissafa shi. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne binciken Taku Inaniwa da abokansa a Japan a 2019: ƙwayoyin jikin mutum da aka raina a ɗakin gwaji sun fi mutuwa idan maganaɗisu ya bi layi ɗaya da kabon, amma da aka gicciya shi ba a ga ƙarin ba. A ganina wajibi ne a warware wannan kafin a kwantar da marar lafiya cikin maganaɗisu a yi masa gashin kabon.

A watan Maris na 2021 aka buɗe cibiyar yaƙi da daji a Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, da na'urar kobal. Daga Tawa tafiyar ta fi kilomita 500, amma babu iyaka, babu canjin kuɗi. Ɗiyar Yaya ta fari na fara kira na gaya mata, na kuma roƙe ta kada ta ɓoye kumburi ko da ƙanƙane ne.