Tsakanin "Ya Kai" Da "Ya Wuce"

Akwai wani sashe na lissafin aljabara da 'yan sakandare ke gudu kamar dodo, wato inda ake ajiye alamar daidai a ɗauko waɗansu alamomi masu buɗaɗɗen baki, < da >, wani lokaci har da ɗan layi a ƙarƙashinsu. Ni kuwa da na tashi a Azare, a ganina babu darasin da mutanen ƙasar Katagum suka riga malamin makaranta sani kamar wannan. Rubutawa ce kawai ta rage musu.

A ce mutum ya shiga kasuwar dabbobi ta Azare da jarin naira 220,000, ya ware 20,000 na mota da la'ada, ga kuma akuya ana sayarwa 30,000. Abin da ke ransa shi ne kada kashe kuɗinsa ya wuce jarinsa. In muka kira yawan awakin "a", sai mu rubuta 30,000a + 20,000 ≤ 220,000. Amsa ita ce "a" ba zai wuce shida da biyu bisa uku ba. To, tunda ba a yanko wa mai saye kashin akuya tana da rai, shida zai kora gida.

Ɗan layin nan na ƙasa shi ne ke raba "ya kai" da "ya wuce", kuma malamanmu na zaure sun daɗe suna tsantseni a kansa. Makiyayi a Gamawa ko Shira mai tumaki 39 babu zakka a kansa. Ran da suka cika 40, shekara ta zagayo, tunkiya ɗaya ta wajaba, haka nan har zuwa 120. In suka kai 121 sai biyu. Wato 40 ≤ t ≤ 120, babu ragi babu ƙari. Haka wasiyya: ta kai sulusin dukiya ya halatta, amma ba ta wuce shi sai da yardar magada. Malam Zaki, wanda ya kafa Katagum, da alƙalansa ba su san waɗannan alamomi ba, amma da ma'anarsu suka yi ta yanke hukunci.

Wanda ke ganin wannan wasan yara ne, ya tuna da zaɓen shugaban ƙasa na 1979. Doka ta ce wanda ya fi yawan ƙuri'u sai ya sami aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu a aƙalla biyu bisa uku na jihohi. Jihohi a lokacin 19 ne, biyu bisa ukunsu kuwa 12 da biyu bisa uku. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, amma a Kano kashi 19.94 cikin ɗari ya samu. Cif Obafemi Awolowo ya ce ai jiha ba ta gutsuruwa, "aƙalla" na nufin 13. Lauya Richard Akinjide ya ce a auna da biyu bisa uku na ƙuri'un Kano kawai, inda ɗaya bisa shida ya wadatar. Ranar 26 ga Satumba, 1979, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari nasara, Mai Shari'a Kayode Eso bai yarda ba. Ba na ja da hukuncin, amma mai sayen awakin nan zai ce maka "kada ya wuce" ƙasa yake saukowa, "aƙalla" kuwa sama yake hawa.

Maganar ba ta tsaya a Legas ba. Jihar Bauchi na da ƙananan hukumomi 20, kuma mai neman gwamna na fuskantar irin wannan sharaɗi, inda biyu bisa uku ya kama 13 da sulusi. Masu fafutukar Jihar Katagum su ma sashe na 8 na Tsarin Mulkin 1999 ya gindaya musu aƙalla biyu bisa uku na wakilan yankin, da kuma na jama'arsa a ƙuri'ar raba gardama.

Roƙona ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, waɗanda gobe su ne za su riƙe alli: kafin ku zana alamar a allo, ku tambayi yaro tumaki nawa ne a garken gidansu.