Shekara Guda a Tsibirin Barbados

Barbados ɗan tsibiri ne a gabashin Karibiyan, tsawonsa mil 21 kacal. Yawancin mutanensa jikokin bayi ne da aka kwaso daga Afirka ta Yamma domin noman rake. A shekarar 2020, da annobar korona ta hana baƙi zuwa, sai gwamnati ta ce duk mai aiki ta intanet ya zo ya zauna wata 12.

Ta wannan ƙofa muka shiga. Muka cika takarda a kwamfuta, muka aika da hoton fasfo da takardun haihuwar yara, muka shaida cewa samunmu na shekara ya kai dala 50,000. Bizar iyali dala 3,000 ce, ban da inshorar lafiya. Sharaɗinsu kuwa daidai ne: albashi daga waje zai zo, baƙo ba zai ƙwace aikin ɗan ƙasa ba.

Amma fa akwai zancen agogo. Nijeriya tana gaba da sa'a 5. In an buɗe ofishinmu na gida da ƙarfe 8, a Bridgetown ƙarfe 3 ne na dare. Ran Jumma'a da almuru, sa'ad da jama'a suke tururuwa zuwa Oistins cin gasasshen kifi, mu kam gyangyaɗi muke yi.