Gimbiyar Aro da Gimbiyar Gida

Kalmar gimbiya tsohuwa ce a bakin Bahaushe, ma'anarta kuwa 'yar sarki. Amma a 'yan shekarun nan ta sami wata sabuwar ma'ana a bakin 'ya'yanmu mata, wadda majigi ya kawo musu. Kamfanin Disney na Amurka shi ne ya yaɗa ta, tun daga Snow White a 1937 da Cinderella a 1950 har zuwa Frozen a 2013. Ga yarinyar birni, gimbiya ita ce mai doguwar riga da kambi da gashi har gadon baya.

Wannan ma'ana ce ta shigo gidana cikin katin gayyata na bikin ranar haihuwar wata 'yar makwabta, inda aka ce kowace yarinya ta zo da shigar gimbiya. Na ɗinka wa 'ya'yana biyu riguna, mai shekara shida da mai huɗu, na kai su. Haƙiƙa sun yi murna, ni ma na yi. Yara wajen ashirin, kowace da kambin roba, suna ta juyi suna kallon rigunansu, aka yanka kek, aka raba balan-balan. Ba ni da abin zargi ga wannan, domin dama yaro da kwaikwayo aka san shi. Mu ma mun aurar da 'yar tsana a dandali.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar babbar a kan hanyarmu ta komawa. Ta shafa shukun da aka yi mata jiya-jiya, ta ce, "Umma, a tsefe mini, ai gimbiya ba ta kitso." Wato tun tana 'yar shekara shida ta auna kanta da wani ma'auni, ta ga ta gaza.

To, ina laifin yake? Labarin Cinderella, wanda Charles Perrault ya buga a Faransa a 1697, ɗan'uwa ne ga tatsuniyarmu ta 'yar bora da 'yar mowa. Sai dai ita 'yar bora ladabinta ne ya fisshe ta, ranar da ta cuɗa bayan tsohuwa a rafi, waccan kuwa da takalmi aka gane ta. Haka kuma tarihinmu bai rasa matan sarauta ba. Daurama ta mulki Daura. Littafin Tarihin Kano ya ce Amina ta Zazzau ta ci ƙasashe har Nufe da Kwararrafa, har yau kuwa ana danganta ganuwoyi da sunanta. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Nijar ta yanzu, ta tari sojojin Faransa a 1899. Kowaccensu da aikinta ake tunawa da ita.

Yarinyata ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba, domin babu wanda ya zana mata su, ko ya ɗinka mata rigarsu. Shi baƙo ya yi aikinsa, har ya fitar da Tiana, baƙar gimbiya, a 2009, don kada wata yarinya ta kuɓuce masa.

Saboda haka hani ba magani ba ne, kuma ba zan hana su zuwa irin wannan biki ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da hannu ake tanƙwarawa, ba da baki ba. Mu ɗaliban wannan sashe muna rubuta kundaye a kan tatsuniya da sarautun mata, mu ajiye a laburare ƙura ta rufe su. Da a ce cikin kowane aji za a sami mutum guda ya mai da kundinsa ɗan littafi mai hotuna, da yara sun ga gimbiya da kitso da lalle, sun gane ta.