Sikitiyawa: Mahaya Dawakin da Kaburburansu Suka Ba da Labarinsu

Daga arewacin Tekun Bahar Aswad, a ƙasar Yukren ta yau, har zuwa duwatsun Altai da ke kudancin Saberiya, fili ne fetal na ciyawa, iyakar ganinka. A nan Sikitiyawa da danginsu suka yi zamani, tun wajen ƙarni na 8 zuwa na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Makiyaya ne, gidansu keken shanu, abincinsu nama da nonon goɗiya, makaminsu kwari da baka. Suna harbi doki na sukuwa, alhali a lokacin ba a san likkafa ba.

Masanin tarihin Girka, Hirodotas, ya ba da labarin yadda Sarkin Farisa Dariyus ya kai musu yaƙi wajen shekara ta 513 kafin haihuwar Annabi Isa. Ƙin tsayawa suka yi. Suka riƙa ja da baya suna cike rijiyoyi, suna lalata wuraren kiwo, har rundunar ta galabaita ta juya. Wanda ba shi da birni, ina za a yi masa ƙawanya?

Ba su bar littattafai ba, sai manyan tuddan kaburbura. A Pazirik, cikin Altai, ruwa ya tsiyaya cikin kaburburan ya daskare, ƙanƙara ta adana abin da ƙasa kan cinye. Da masanan Rasha, ciki har da Sergei Rudenko, suka tona su a 1929, da kuma 1947 zuwa 1949, sun tarar da dawakai da kayansu cif: linzami, sirdi mai laushi na fata da gashin dabba, har da hular doki mai ƙahonin barewa, ado kamar na hawan sallah. Gawarwakin mutanen na ɗauke da jarfa ta siffofin namun daji. A can aka samo dardumar da ake ɗauka ita ce mafi tsufa cikin irinta a duniya, yanzu tana gidan tarihi na Hamitej a birnin San Fitasbag.

Zinari kuwa ba a magana. A 1971 Boris Mozolevski ya haƙo wani abin wuya a Yukren, nauyinsa ya haura kilo 1. Maƙerin ya fito da rayuwarsu filla-filla: ga maza biyu sun durƙusa suna ɗinka rigar fatar tunkiya, kwarinsu na kusa da su, ga wani yana tatsar tunkiya, ga ɗan doki yana shan nono. A 2001 kuma, kabarin Arzhan na 2 a yankin Tuva da ke kudancin Saberiya ya ba da zinari kusan kilo 20.

Dukiyarsu duk ta ɗauka ce, wadda za a rataya a jiki ko a ɗora wa doki. Saboda haka wanda ya auna ci gaban al'umma da ganuwa da benaye kaɗai, ya yi wa makiyaya rashin adalci.