Yayin da Aka Buɗe Adaka

Bahaushe bai yi kuskure ba da ya ɗauki kalma guda, wato “yayi”, ya aza mata kaya biyu: lokaci, da kuma abin da jama'a suka runguma a cikin wannan lokaci. Abin da ake yayi mai wucewa ne tun daga sunansa. Abin da kalmar ba ta gaya mana ba shi ne inda yayi yake zuwa idan ya wuce. Ni dai a iya ganina, ba ya yin nisa. Adaka yake shiga, a zuba masa turare da kanumfari, ya kwanta yana jiran ranar da aljihu zai bushe a tuna da shi.

Duk wanda ya halarci bukukuwa a Azare, ko ya yi hutun Salla a garinmu Udubo daga 2023 zuwa yau, ya ga abin da nake nufi. Amarya ta fito ranar kamu cikin zanen saƙi, da murjani a wuya, da fatala a ka, kai ka ce kakarta ce ta fito daga cikin hoto. Samari kuwa sun koma wa 'yar shara da hula haɓar-kada, tufafin da mu a zamaninmu muke dangantawa da masu kiɗan kalangu da 'yan dambe. Hatta a ajin da nake koyar da rubutacciyar waƙa, nakan ga ɗalibi da wando mai faɗin ƙafa irin wanda iyayenmu suka ɗauki hoto da shi wajajen 1975.

Ba a rasa dalili ba. Ran 29 ga Mayu, 1923 ba ta shafe mu ba, amma ran 29 ga Mayu, 2023 ta shiga tukunyar kowa, domin a ranar ce aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Wata mai bi mata aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kafin ƙarshen Fabrairu, 2024, dala ɗaya ta haura naira 1,500, kuma a Disamban wannan shekara hauhawar farashi ta kusa kashi 35 cikin ɗari. To, tufafinmu kusan duka baƙi ne. Shadda mai daraja irin ta Getzner daga Ostiriya take, babbar atamfa daga Holan, sauran tarkacen kuwa daga ƙasar Sin. A Kantin Kwari ake sauke su, ɗan kasuwar Azare ya saro ya ɗora kuɗin mota, na Udubo ya saro daga gare shi ya ɗora nasa. Kafin turmi guda ya isa hannun manomin da ke haɗa wa ɗansa lefe, buhun gero ya tafi, har da cikon wake.

Wannan ba shi ne karon farko ba. A 1985 dala ba ta kai naira ɗaya ba. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, wato SAP, naira ta fara gangara. Ina firamare a lokacin, ban san ma'anar haruffan ba, amma na san abin da suka haifar a gidanmu. Wata Salla mahaifiyarmu ta buɗe adaka ta fito da tsohuwar babbar rigar mahaifinmu, aka kai wa tela, ya fitar mana da jamfa uku. Ni na sami ɓangaren da aikin aljihu ya faɗo, saboda haka na fi 'yan'uwana ƙasaita a idi. Sai dai kowa ya ja bakinsa ya yi shiru game da asalin yadin, domin a wancan zamani sa tsohon kaya abin ɓoyewa ne. Yaron da aka gane rigarsa ta gwanjo ce ya shiga uku a hannun abokai. Yau kuwa saurayi zai yi takakkiya har Ƙofar Wambai a Kano, ya tsuguna gaban dila yana tono, tsohon ɗinkin yake nema da gangan, kuma in ya samu shi zai fara ba da labari. Talaucin iri ɗaya ne, kunyar ce ta kau.

Sauran al'ummu ma sun bi ta nan. A Ingila, daga 1941 zuwa 1949, sai da takardar rabo ake sayen tufa, har hukuma ta buga ɗan littafi a 1943 tana koya wa mata banke da juya tsohuwar riga. A Amurka, lokacin karayar arziki ta shekarun 1930, matan karkara da buhun fulawa suka riƙa yi wa yara riguna, masu fulawar kuma da suka lura sai suka shiga buga furanni a jikin buhunan. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Thomas Sankara na Burkina Faso, wanda tsakanin 1983 da 1987 ya matsa wa ma'aikata su sa saƙar ƙasarsu, faso dan fani. Nasa ya bambanta da sauran, domin shi masaƙa ya nufa, so yake kuɗin tufa ya tsaya a hannun manomin auduga da mai kaɗi da masaƙi.

A nan ne tawa damuwa take. Abin da ya dawo mana kama ce, sana'ar ba ta biyo ta ba. Mai karatu ya tuna hannu nawa zanen saƙi yake ratsawa. A gurje auduga a fitar da gurya, a shiɓe ta, tsohuwa ta zauna da mazari da ɗan alli a yatsa tana kaɗi, ta raba zare da abawa. A kai marina a tsoma a baba. Masaƙi ya ja zarensa ya ɗaure a kunkuru, ƙafa na taka, hannu na jefa ƙoshiya, ya fitar da ƙwarya mai faɗin 'yan yatsu, sa'annan a haɗa ƙwarya da ƙwarya da allura, a miƙa wa mabuga. Da wannan aiki Kano ta tufatar da mutane har Tambutu, kamar yadda Heinrich Barth ya shaida a 1851. Ina yaro akwai ragowar wannan a Udubo: kusan kowace tsohuwa tana da mazari a lefenta, kuma na san inuwar da masaƙa suke zama. Yanzu inuwar tana nan, masu cajin waya ne a ƙarƙashinta. Masaƙun zamani da suka ture na gargajiya su ma sun bi su. Ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, babbar UNTL ta rufe a 2007.

Sakamakon haka sai abin ya juye. Saƙi na gaskiya, wanda a da shi ne suturar kowa, ya zama na mai hali, sau da yawa ya fi shadda tsada, domin masu yinsa sun yi ƙaranci. 'Yar talaka kuwa ko dai ta yi aron na kakarta in asu bai cinye ba, ko ta yi haya na yini guda, ko ta sayi yadin da aka buga wa zanen saƙi da inji a wata ƙasa. Wato dalar da muke gudu, ita muka sake biya don mu yi kama da kakanninmu. Daɗin daɗawa, kamar ma ba ta cika ba. Sau da yawa abin da ake kira shigar Hausawan dauri a wajen biki gauraye ne na asoke na Yarabawa da adon Fulani, da abin da aka gani a fim. Ba na ƙin gauraye, ƙasar Katagum kanta mahaɗa ce ta Hausawa da Fulani da Barebari da Karekare, kuma hular zanna da ke kaina daga Barno ta zo. Amma wancan gaurayen maƙwabta ne da suka san sunan abin da suka ara.

Sunayen ne suka fi tsaya mini a rai, ƙila don sana'ata ce. Barage, tsamiya, kore, bunu, gwado, aska takwas, malum-malum: kowanne yana da launinsa da matsayinsa da ranar sa shi, kuma waƙoƙin fada cike suke da su. Ɗalibin da bai san bambancin barage da saƙi ba zai karanta baitin da aka yi wa basarake kirari da tufafinsa, ya wuce bai ji komai ba. Shi ya sa bara na tura wani ɗalibina ɗan ƙasar Gamawa ya tattaro mini kalmomin saƙa daga bakin masu ita. Ya yi mako biyu yana tambaya kafin a nuna masa wani dattijo a wani ƙauye kusa da Udubo. Dattijon ya fito da allera da ƙoshiya daga rumbu, ya kakkaɓe musu ƙura, ya faɗa masa sunan kowane sashe ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Da ɗalibin ya tambaye shi ko zai iya yin zane guda in an biya, sai ya ce hannunsa bai mance ba, amma tun da mai ɗakinsa ta rasu bai sami wadda za ta kaɗa masa zare ba.