Kachala ba ta mutuwa da gayyar yini ɗaya

Akwai wani tafki a fadamar ƙauyen kakannina, can wajen Bungudu, ba nisa da gulbin da ya biyo ta Gusau. Muna yara nan muke tsinko bado. Sannu a hankali kachala ta rufe shi, ta fi mutum tsayi, har masunci ya rasa inda zai baje birgi. Da kaka kuma jan baki su kwana a cikinta, da asuba su afka wa gero da dawa. Da abin ya ishi kowa, sarkin ruwa ya kira gayya, mu 'yan birni muka zo daga Gusau muka shiga sahu.

Samari suka faɗa mata da adda, suna sara daidai ƙirji. Wani dattijon masunci ya tsaya yana kallo, can ya ce, "Kai yara, ku kai hannu ƙasa. In ba ta sha ruwa ba, ba ta mutuwa." Ya karya kara ɗaya ya nuna mana cikinsa, duk ƙofofi ne kamar soso. Ta nan iska ke sauka zuwa saiwar da ke kwance cikin laka. In an yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kututturen ya nutse, numfashinta ya yanke, saiwar ta ruɓe. In aka sare ta a sama, ko aka cinna mata wuta, aski kawai aka yi mata. Aikin kuwa ba daɗi: ka duƙa da lauje ruwa har wuya, ganyen na yankar hannu, matsattsaku na maƙale maka a ƙwauri, ga fargabar tsargiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kachala ba daga wata ƙasa aka kawo ta ba. Tun da can tana nan a bakin ruwa, ba ta wuce gona da iri, domin rani na busar da fadama ya karya ta. Ruwan da ba ya ƙafewa shi ne gatanta. Mutanen Haɗeja da Nguru sun fi kowa sanin haka. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya riƙa kwarara rani da damina, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su. Namu tafkin ma yashi da shara ne suka toshe mafitarsa. Sai da muka yashe ta sannan yankan ya yi amfani.

Ba mu shuka komai ba. Da rana ta sami isa fuskar ruwa, bado ya fito da kansa. Tarwaɗa da ƙarfasa suka fara shiga koma, zalɓe ya dawo tsayuwarsa a gefe, har kirinjijiya aka ji da dare. Dattijon nan ya hana a share wani lungu, ya ce nan kifi ke ɓoye 'ya'yansa. Ya yi gaskiya.

Mu da muka zo taimako mun ɗauki hotuna mun koma gida. Waɗanda suka sake shiga ruwa da tohon ya ɗago su ne masunta da masu lambu, waɗanda tuwonsu ke cikin tafkin, a lokacin da fita fadama a Bungudu da Tsafe sai an yi shawara saboda 'yan bindiga. Su ne suka ci kachala, ba mu ba.

Duk mai shirin irin wannan gayya, ya fara zama da sarkin ruwa, a yanke kafin kanta ya nuna ya fara tashi a iska, kuma a tsayar da ranar yanka na biyu tun kafin a watse daga na farko.